Daren Da Taurari Suka Zuba: Yadda Aka Bi Sawun Ƙurar Tauraro Mai Wutsiya

Duk wanda ya tashi a gidan da ake shimfiɗa tabarma a tsakar gida idan bazara ta tsananta ya san wannan abin. Kana kwance rigingine, zafi ya hana barci, sai wani haske ya tsaga sama kamar an ƙyasta ashana. Kafin ka ɗaga yatsa ya ɓace. Ina yaro, idan haka ta faru kakata takan yi salati, ta ce tauraro ya yanke, mu daina nunawa. Ni kuwa lissafin ne ya dame ni. In dai kullum taurari na yankewa suna faɗowa, me ya hana su ƙarewa? Washegari da dare nakan duba, in tarar sama cike take kamar jiya, babu gurbin ko ɗaya.

Malamanmu sun karantar da mu batun shihabi da ake jifan shaiɗanu masu satar ji da shi. Wannan magana ce ta gaibu, tana nan a matsayinta. Abin da nake bin sawunsa a nan shi ne ɓangaren da ido ke gani: da me aka yi wannan hasken, daga ina yake fitowa, kuma me ya sa a yawancin darare sai ka daɗe kafin ka ga ɗaya, amma wani daren su zubo kamar ruwan sama?

Shekarar taurari

A watan Oktoba na shekarar 902, wato 289 bayan Hijira, mutanen arewacin Afirka da tsibirin Sisili sun ga taurari suna warwatsuwa a sama, dama da hagu, babu ƙidaya. A cikin wannan watan ne Ibrahim bin Ahmad ya rasu a kudancin Italiya yana fagen yaƙi. Shi ne sarkin Aglabawa da suka mulki yankin Ƙairawan, garin mai Risala, a Tunisiya ta yau. Marubutan tarihi na Larabawa suka haɗa abubuwan biyu, suka kira shekarar da sunan Shekarar Taurari, kamar yadda kakanninmu ke cewa shekarar fara ko shekarar yunwa. Ba su san dalilin abin da suka gani ba, amma sun yi wani aiki da ya zo ya yi rana: sun rubuta wata da shekara.

Masu ilimin zamanin kuwa suna kan maganar Aristotal, masanin Girka na dā, wanda ya ce wani busasshen tururi ne ke tashi daga ƙasa, ya kai sama ya kama wuta. A ganinsa abin ɗan'uwan walƙiya ne da tsawa, ba shi da alaƙa da taurari. Wannan ra'ayi ya yi kusan shekara dubu biyu yana cin kasuwarsa.

Sai a 1798 wasu ɗalibai biyu na Jami'ar Gottingen a Jamus, Brandes da Benzenberg, suka gwada wata dabara mai sauƙi. Suka tsaya a wurare biyu masu tazarar 'yan kilomitoci, kowa yana rubuta lokacin da ya ga haske da kuma taurarin da ya gifta ta gabansu. Da suka haɗa takardunsu suka auna bambancin, sai ga shi abin yana faruwa can ƙololuwa, nesa ƙwarai da inda gajimare da walƙiya suke, kuma gudunsa ya wuce na duk wata iska. Maganar Aristotal ta fara rawa, amma ba a sami wadda za ta maye gurbinta ba.

Daren 13 ga Nuwamba, 1833

Kafin asubahin wannan rana, mutanen gabashin Amurka suka farka da haske a tagoginsu. Da suka fito, sama gaba ɗaya tana tsiyayar da wuta. An ƙiyasta cewa a birnin Boston kaɗai haske sama da 200,000 ne suka gifta cikin sa'o'i tara. Mutane da yawa suka durƙusa suna neman gafara, sun tabbata tashin duniya ya zo. A gonakin kudu, bayi da iyayengijinsu suka fito fili suna kuka tare. Al'ummar Lakota, masu zana alamar kowace shekara a jikin fatar dabba, suka zana wannan da taurari masu faɗowa.

A garin New Haven, wani malamin lissafi na Jami'ar Yale mai suna Denison Olmsted shi ma an tashe shi daga barci. Ya kalla, ya lura, sannan da gari ya waye ya rubuta wa jarida yana roƙon duk wanda ya ga abin ya aiko masa da bayanin abin da ya gani. Wasiƙu suka yi ta zuwa daga sassan ƙasar. Da ya tace su, ya ga baki ya zo ɗaya a kan abu guda: dukkan hasken kamar daga wuri ɗaya yake ɓullowa, a cikin burujin Zaki, wanda Larabawa ke kira Asad. Kuma da taurarin Zaki ke tafiya yamma cikin dare, wannan wurin ma yana bin su.

Nan ne bakin zaren. Da a ce daga ƙasa abin yake tashi, da ba zai bi tafiyar taurari ba. Tun da ya bi, to daga waje yake shigowa. Batun fitowa daga wuri ɗaya kuwa yaudarar ido ce. Wanda ya dubi layin dogo ya miƙe zai ga ƙarafunan biyu kamar sun haɗe a can nesa, alhali kafaɗa da kafaɗa suke tafiya. Haka waɗannan ɓarɓashi suke, jere suke zuwa ta hanya guda. A 1834 Olmsted ya wallafa cewa duniya ta kutsa ne cikin wani taron ƙananan abubuwa da ke kewaya rana. Ya yi kuskure wajen lissafin tsawon kewayen nasu, amma asalin maganarsa ta tsaya.

Tonon tsofaffin littattafai

Aka tuna cewa matafiyin nan Bajamushe, Alexander von Humboldt, ya ga irin wannan zuba a garin Kumana na Benezuwela ranar 12 ga Nuwamba, 1799. Tsakanin 1799 da 1833 shekara 34 ke nan. Shin dacewa ce, ko abin yana da lokacin dawowa?

Wanda ya zauna ya warware wannan shi ne Hubert Newton, shi ma na Yale. A tsakanin 1863 da 1864 ya bi diddigin tarihohin Larabawa da na Sinawa da na Turawa, yana tsinto duk inda aka ce taurari sun zuba a ƙarshen shekara. Mafi daɗewa a jerin nasa shi ne na 902, wancan da marubutan Larabawa suka adana. Da ya jera shekarun, sai tsari ya bayyana: babbar zuba tana dawowa kusan kowace shekara 33 da kwata. Ya ce a saurari Nuwamban 1866.

Akwai wani abu kuma da jerin ya nuna. Ranar zubar tana matsawa gaba sannu a hankali, daga Oktoba a zamanin Aglabawa har ta kai tsakiyar Nuwamba. Wani ɓangare na wannan sauyin kalanda ne ya jawo, amma ko an cire shi akwai saura. Newton ya fitar da hanyoyi biyar da ƙila taron ɓarɓashin yake bi wajen kewaya rana, ya kasa tantance ɗaya. John Couch Adams na Ingila ya ɗauke su ɗaya bayan ɗaya, ya lissafa yadda jan manyan duniyoyi irin su Mushtari da Zuhal zai karkatar da kowace. Guda ɗaya tak ta dace da matsawar da aka gani cikin shekaru kusan dubu, ita ce doguwar hanya mai ɗaukar shekara 33 da kwata. Ka ga amfanin alƙalamin mutanen 902 da ire-irensu. Da ba su rubuta wata ba, da Adams ba shi da abin aunawa.

Daren 13 zuwa 14 ga Nuwamban 1866 taurari suka zuba a kan Turai, dubbai a kowace sa'a. An san lokaci, an san hanya. Saura a san mai hanyar.

Sawun ɓarawo ya kai ƙofar gida

A watan Yulin 1862 wasu Amurkawa biyu, Lewis Swift da Horace Tuttle, kowa a nasa wurin, suka hango wani tauraro mai wutsiya. Aka auna hanyarsa aka ajiye a littafi. Shekara huɗu bayan haka, Giovanni Schiaparelli na gidan duban taurari na Brera a birnin Milan ya zauna yana lissafin hanyar wata zubar dabam, wadda ke zuwa kowace shekara wajen 10 zuwa 12 ga Agusta. Da ya gama, ya ga lambobin da ya samu ba baƙi ba ne. Karkatar hanyar, inda take kusantar rana, inda take ratsa hanyar duniya, duk sun yi daidai da na tauraron 1862. Ya rubuta wannan a wasiƙun da ya aika wa abokin aikinsa Angelo Secchi a Rum a 1866.

Shaida ɗaya ba ta yanke shari'a, amma ta biyu ba ta daɗe ba. A Disamban 1865 Wilhelm Tempel ya hango wani ɗan ƙaramin tauraro mai wutsiya daga birnin Marsay na Faransa, Tuttle ma ya gan shi a watan Janairu. Da aka fitar da lissafin hanyarsa a farkon 1867, masana da dama suka lura a lokaci guda cewa ita ce hanyar zubar Nuwamba, kuma shi ma shekara 33 yake yi kafin ya dawo. Wannan ɗan abu da ba a iya gani sai da madubin hangen nesa, shi ne ya firgita Ƙairawan a 902 da Boston a 1833.

Shaida ta uku ita ce ta fi ratsa jiki, domin a gaban idon mutane abin ya faru. Akwai wani tauraro mai wutsiya da hafsan sojan Ostiriya Wilhelm von Biela ya hango a 1826, mai dawowa duk bayan shekara shida da 'yan watanni. A farkon 1846 masu dubansa suka ga ya rabe biyu. A 1852 ɓangarorin biyu suka dawo, tsakaninsu ya haura kilomita miliyan biyu. Daga nan ba a sake ganinsu ba, duk da an nema. Edmund Weiss na Biyana ya lissafa cewa duniya za ta ratsa hanyarsa a ƙarshen Nuwamban 1872. Ranar 27 ga watan, daga daidai inda aka zata, taurari suka zubo dubbai a kan Turai. Aka sake ganin haka ranar 27 ga Nuwamban 1885, kuma a daren ne Ladislaus Weinek ya ɗauki hoton farko na irin wannan haske a birnin Firag. Tauraron ya ruguje, ɓaraguzansa suka ci gaba da bin hanyarsa.

Buhun da ya huje

An kama mai zubar da ƙura, amma yaya yake zubar da ita? Wannan sai da aka jira har 1950, lokacin da Fred Whipple na Jami'ar Harvard ya bayyana cewa cibiyar tauraro mai wutsiya dunƙule ne na ƙanƙara da aka cakuɗa da ƙura da tsakuwa, faɗinsa 'yan kilomitoci. Yawancin rayuwarsa yana can nesa cikin sanyi, daskare, ba wutsiya ba haske. Idan ya kusanto rana sai zafi ya taɓa shi. A sararin da babu iska ƙanƙara ba ta narkewa ta zama ruwa, kai tsaye take zama tururi. Tururin yana fesowa da ƙarfi, yana kwaso ƙurar da ke daskare a ciki yana watsarwa.

Daga nan ƙurar ta kasu. Mai laushi kamar hayaƙi, hasken rana ne ke tura ta baya, ita da tururin su ne wutsiyar da muke gani. Masu ɗan nauyi kuwa, daga girman ƙwayar yashi zuwa ƙwayar gero ko wake, hasken ba ya iya kore su. Suna nan kusa da hanyar uwarsu, wasu sun ɗan riga ta, wasu sun ɗan makara, a hankali su miƙe su zama dogon sawu.

Ka ɗauka wani ɗan kasuwa ne ke ɗora wa jakinsa buhun gero mai ƙaramin huji, yana bin hanya ɗaya duk ranar kasuwa. Kowace tafiya yana barin siririn layin gero a ƙasa. Bayan shekaru, hanyar duka ta sami gero jefi-jefi, amma layin da ya zuba a makon jiya ya fi kauri, bai watse ba tukuna. Duniyarmu tana tsallaka wannan hanya sau ɗaya a shekara, a rana guda. Idan ta bi ta inda tsohon gero ya watse, sai a ga haske goma ko ashirin a sa'a. Idan ta faɗa kan sabon layi, sai a yi irin daren 1833.

A watan Maris na 1986 aka ga abin ido da ido. Kumbon Giotto na Turai ya wuce kusa da tauraro mai wutsiya na Halley da tazarar kusan kilomita 600, ya aiko da hoton wani dunƙule mai tsawon kilomita 15, baƙi ƙirin kamar gawayi, tururi da ƙura na fesowa daga ɓangaren da ke fuskantar rana. Wata ƙwayar ƙura ta bugi kumbon har ta karkatar da shi. A 2004 kuma kumbon Stardust na Amurka ya ratsa ƙurar tauraron Wild 2 ya kamo ƙwayoyinta, ya sauke su a hamadar Yuta a Janairun 2006, masana suka sa su a ƙarƙashin madubi.

To yaya ƙwayar da ba ta fi gero ba take haska sama? Sirrin yana cikin gudu. Duniya na tafiya kilomita 30 a daƙiƙa ɗaya. Ƙurar Nuwamba kuma tana zuwa ne ta gaba, suna karo goshi da goshi, gudun haɗuwarsu ya kai kilomita 71 a daƙiƙa. A wannan gudu, siririyar iskar da ke can sama, wajen kilomita 80 zuwa 120, ta zame mata bango. Ƙwayar takan yi zafi ta ƙone ƙurmus, ta bar iskar da ta ratsa tana haske na ɗan lokaci. Shi ya sa ma aka fi ganinsu daga tsakar dare zuwa asuba, domin a lokacin ne ɓangarenmu na duniya yake fuskantar inda aka dosa. Direban da ya yi tafiyar dare a farkon damina ya san gilashin gaba ne ke cika da shinge, na baya yana nan fes.

Shekarar da lissafi ya ba da kunya

Da a ce labarin ya ƙare a 1872, da an ce an gama. Amma a 1899 jaridun Turai da Amurka suka cika mutane da alkawarin za a maimaita 1833. Jama'a suka kwana a waje cikin sanyi, ba su ga abin kirki ba. Masana suka sha zargi. Wasu daga cikinsu sun riga sun yi gargaɗi cewa jan Mushtari da Zuhal ya ɗan kautar da sawun daga hanyar duniya, amma muryarsu ba ta yi nisa ba. A 1933 ma shiru. Har an fara cewa zubar Nuwamba ta mutu, sai ga ta ranar 17 ga Nuwamban 1966 a yammacin Amurka, inda masu kallo a jihar Arizona suka ƙiyasta haske kusan 40 a kowace daƙiƙa.

Abin da ya rage a gane shi ne cewa sawun ba ɗaya ba ne. Duk zuwan da tauraron ya yi kusa da rana yana barin nasa layin dabam, kuma manyan duniyoyi suna jan kowane layi ta nasa ɓangaren. David Asher na gidan duban taurari na Armagh a Ireland ta Arewa da Robert McNaught na Ostireliya suka sa kwamfuta ta bi kowane layi shi kaɗai, suna ɗorawa a kan aikin da wasu masana na Rasha suka fara. Suka gano cewa ƙurar da tauraron ya zubar a 1800 ce ta haska 1833, wadda ya zubar a 1899 kuma ita ta haska 1966. Sannan suka ce duniya za ta sake ratsa layin 1899 ranar 18 ga Nuwamban 1999, jim kaɗan bayan ƙarfe uku na dare agogon Najeriya da Nijar. Zubar ta zo, dubbai a sa'a a kan Turai da Gabas ta Tsakiya da Afirka, kuma tazarar da ke tsakanin lissafinsu da ƙololuwarta 'yan mintuna ce kawai.

Komawa tsakar gida

Yanzu wanda ya san kwanakin zai iya fita ya jira. Wajen 12 ga Agusta ƙurar Swift-Tuttle ce, wato tauraron 1862, sai dai a wurinmu gajimaren damina kan rufe ta. Wajen 21 ga Oktoba ta Halley ce. Ranakun 17 da 18 ga Nuwamba ta Tempel-Tuttle ce, wato tauraron 1865, wanda ake sa ran dawowarsa kusa da rana a 2031. Ranakun 13 da 14 ga Disamba kuma akwai wata mai yawa, idan hazon hunturu ya yi sauƙi. Ita wannan tata uwar, Phaethon, da aka gano a 1983, ta fi kama da dutse fiye da ƙanƙara, kuma har yau masana na tafka muhawara kan yadda ta zubar da ƙura mai yawa haka. Ba a buƙatar madubi. A nisanci hasken lantarki, a zaɓi daren da wata bai cika ba, a kwanta a ba ido lokaci ya saba da duhu.

Akwai kuma ta farkon watan Mayu, gab da asuba, daidai lokacin da zafi ke koro mu tsakar gida. Ita ma ƙurar Halley ce, wanda ya wuce a 1986 kuma ba zai dawo ba sai 2061. Ina kyautata zaton cikin hasken da kakata ta yi wa salati akwai irinta, ƙwayar da ta rabu da uwarta ɗaruruwan shekaru kafin a haife mu, ta yi ta yawo cikin duhu har ta zo ta ƙone a saman gidanmu cikin ƙiftawar ido. Taurari ba su ƙare ba domin ko ɗaya bai taɓa faɗowa ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne mutanen da suka sa hannu a wannan bincike ba tare da sun sani ba: marubucin da ya rubuta watan da taurari suka warwatse a 289, magatakardan fadar Sin da ke rubuta abin da ya gani a sama kowane dare, manomin Amurka da ya zauna ya rubuta wa Olmsted wasiƙa. Babu wanda ya fahimci abin da ya gani a cikinsu, amma kowa ya faɗi gaskiyar abin da idonsa ya nuna masa, ya sa rana da wata. Idan Allah ya nuna mana wani dare irin wannan, bayan mun yi tasbihi, mu ɗauko takarda mu rubuta kwanan wata, da ƙarfe nawa ne, da ɓangaren saman da hasken ya fito.